Misalin Budurwai Goma

Misalin Budurwai Goma ɗaya ne daga cikin misalan da Yesu Almasihu ya bayar, kuma a Linjilar Matiyu kaɗai aka rubuta shi (25:1–13). Yana cikin jawabin da ya yi wa almajiransa a kan Dutsen Zaitun, kusa da Urushalima, game da ƙarshen zamani.

Labarin ya shafi budurwai goma da suka fita da fitilu don taryen ango. Biyar masu hikima sun riƙo mai a kwalabe, biyar kuma ba su riƙo ba. Ango ya yi jinkiri har barci ya kwashe su duka. Da ya iso da tsakar dare, marasa mai sun tafi saye, kafin su dawo an rufe ƙofa.

Kiristoci suna fassara angon da Almasihu, darasin kuma shi ne zama a faɗake domin ba wanda ya san ranar dawowarsa. Cocin Otodoks na karanta misalin ranar Talata ta Mako Mai Tsarki. A 1731, Johann Sebastian Bach ya tsara kiɗan coci a kansa a birnin Leipzig na Jamus.