Ƙofa Biyu: Ruwan Tiga da Akwatin Zaɓe

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, yakan ce abincin manomin Kadawa ƙofa biyu ke riƙe da shi. Ɗaya tana Tiga, inda ake sako ruwa. Ɗayar tana can inda masu mulki suke, Legas a da, Abuja a yanzu. Ta farko mun san mai buɗe ta, mun san ranar da ruwa zai iso layinmu. Ta biyu kuwa sai an kaɗa ƙuri'a, an rantsar da wanda ya ci, sannan mu ji motsinta a bakin dillali. Na haura shekara hamsin a duniya, dukansu a tsakanin Kura da Bunkure na yi su, kuma duk zaɓen da ya wuce sai na ƙara gaskata wannan magana ta Baba.

Kafin ruwa ya zo, ƙasarmu ƙasar gero da dawa da gyaɗa ce. Da an kai amfani rumbu, samari sai tafiya cin rani. Kura kuwa da rini aka san ta, turkuɗinta har ƙasar Buzaye ake kai shi. Gwamna Audu Baƙo, wanda ya riƙe Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, shi ya sauya mana rayuwa. Aka yi madatsar Bagauda, aka gwada noman rani a Kadawa, sannan aka gina Tiga tsakanin 1971 da 1974, daidai lokacin da fari ya addabi Arewa. Dubban mutane sun bar gidajensu da kushewar iyayensu domin ruwan ya samu wurin kwanciya, kada mu manta da su. An tsara kashin farko na aikin ban ruwan ya shayar da hekta 22,000 a Kura da Bunkure da Garun Malam, kuma a 1976 aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda ke kula da shi. Ruwan da ƙafarsa yake gangarowa, ba inji ba mai. Mutum ya ɗora 'yan bututunsa a bakin kanal, ruwa ya bi kunya. Da haka muka koma mutanen alkama da tumatir da albasa, daga baya shinkafa. Da haka kuma muka shiga hannun kasuwa, domin mai noman gero cikinsa yake noma wa, amma mai noman alkama sai ya sayi taki, sai ya sayar da buhu.

Zaɓen da na fara wayo da shi shi ne na 1979. Jam'iyyar PRP ta Malam Aminu Kano ta ci jihar, Muhammadu Abubakar Rimi ya zama gwamna, ya soke haraji da jangali. Yaran yanzu ba za su gane nauyin wannan ba. Da kaka ake karɓar haraji, lokacin da hatsi ya fi araha, don haka dole magidanci ya fitar da damin da ya so ya ajiye ya sayar a wulaƙance, da bazara kuma ya dawo ya saya da tsada. Ina tuna daren da Baba ya ce wa mahaifiyata, "Bana dawarmu a rumbu za ta kwana." Wannan ne karo na farko da na ga ƙuri'a ta shigo har cikin tukunyar gidanmu.

Amma wannan zaɓen dai shi ya kai Alhaji Shehu Shagari kujerar shugaban ƙasa. A 1980 gwamnatinsa ta ƙaddamar da shirinta na bunƙasa noma, taki ya samu da rahusa, tarakta ta shigo gonaki. Sai dai a lokacin naira ta fi dalar Amurka daraja, kuɗin fetur na shigowa, saboda haka sayo abinci daga waje ya fi sauƙi. Jiragen ruwa suka yi ta sauke shinkafa da alkama a Legas, takardar izinin shigo da shinkafa ta zama abin da 'yan siyasa ke rububi. Mutumin birni ya ci shinkafa fara tas da araha, mu kuma alkamarmu ta rasa mai taya ta da daraja. Da farashin mai ya faɗi a duniya, a 1982 aka shiga tsuke bakin aljihu. An yi zaɓen 1983 cikin tsadar madara da sukari da sabulu, kuma ranar 31 ga Disamba ta wannan shekara soja suka karɓe mulki.

Zamanin soja ba ƙuri'a, amma ƙofar ba ta daina motsi ba. A 1987 gwamnatin Babangida ta hana shigo da alkama. Cikin hunturu ɗaya Kadawa ta koma kore shar, har ma'aikata da attajiran birni suka zo neman hayar gona. A 1992 aka ɗage hanin, alkamar waje ta dawo, masu hayar suka watse. Wanda ya ci bashi ya faɗaɗa gona shi aka bari da jidali.

Da farar hula suka dawo a 1999, taki ya zama kayan siyasa. Buhun kamfa da na yuriya mai rahusa yakan bi hannun na kusa da gwamnati kafin ya iso ga mai fartanya, wani lokaci ya iso bayan shuka ta wuce buƙatarsa. Bayan zaɓen 2011, gwamnatin Goodluck Jonathan ta kawo tsarin raba taki ta saƙon wayar hannu, wanda ya taimaki waɗanda sunansu ya shiga rajista. Ita ce kuma ranar 1 ga Janairun 2012 ta ɗaga litar fetur daga naira 65 zuwa 141, sai da ƙasa ta ɗauki zanga-zanga aka mayar da ita 97. Mai karatu zai ce, ina ruwan mai ruwan Tiga da fetur? Ai ba kowa ke kan kanal ba. Na ƙarshen layi, wanda ruwa ba ya isa gare shi sosai, da na gefen rafi, duk da injin ban ruwa suke rayuwa. Babur ɗin da ke fito da kwando daga gona ma mai yake sha.

Zaɓen da ya fi kowanne sauya fuskar Kura a idona shi ne na 28 ga Maris, 2015, wanda Muhammadu Buhari ya ci. A watan Yuni Babban Bankin Najeriya ya daina ba da dala a farashin gwamnati don shigo da kaya iri 41, har da shinkafa da tumatirin gwangwani. A Nuwamba aka ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa rance a Birnin Kebbi. Bayan Buhari ya sake cin zaɓe, a Agustan 2019 aka rufe iyakokin ƙasa na tudu. Shanshera ta yi daraja irin wadda ban taɓa gani ba. Injinan gyaran shinkafa suka cika bakin titin Zariya, mata masu turara shinkafa suka samu jarin kansu, samarin da suka tafi birni suka dawo gona. Ni ma a shekarun nan na sauya rufin gidana. Amma ina da yaya, mijinta ya rasu ya bar ta da yara shida, ba ta da ko kunya ɗaya ta gona. Wata rana ta ce da ni, "Ƙanena, abin da kake murna da shi, ni shi ke hana ni barci." Kwanon shinkafar da ya yi mini rufi shi ya gagare ta. Tun ranar na daina kallon farashi da ido ɗaya.

Akwai kuma lokacin da ake yin zaɓen kansa. Tun 2015 zaɓen shugaban ƙasa a Fabrairu ko Maris yake faɗowa, daidai lokacin da tumatir ke nuna ba ƙaƙƙautawa. Tumatir ba ya jiran kowa. A makon zaɓe direbobi kan ji tsoron hanyar Kudu, fatake su riƙe kuɗinsu, kwanduna su yi layi a kasuwar Kwanar Gafan rana na dukansu. A 2019 da tsakar dare aka ɗage zaɓen daga 16 zuwa 23 ga Fabrairu, mako ɗaya na zaman jira ya koma biyu. Na 2023 ya fi tsanani. An sauya takardun naira 200 da 500 da 1,000, wa'adin tsofaffin ya cika ranar 10 ga Fabrairu, saura mako biyu a yi zaɓen 25 ga wata, sababbin kuma ba su wadata ba. Kasuwar da ta saba da kuɗi hannu ta tsaya cik. Manomin da ba shi da asusun banki ya sayar da kayansa yadda aka taya, ɗan ƙwadago ya yini yana tsinka ba a samu abin biyansa ba. Sai ranar 3 ga Maris Kotun Ƙoli ta ce a ci gaba da karɓar tsofaffin kuɗi, amma abin da ya ruɓe ya riga ya ruɓe.

Ranar 29 ga Mayun 2023, a jawabinsa na karɓar mulki, Shugaba Bola Tinubu ya sanar da ƙarewar tallafin mai. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin kwanaki, a Yuli ta wuce 600. A Yuni aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa. Dalar da gwamnati ke sayarwa wajen 460 ta kai 1,500 a farkon 2024. Taki da maganin feshi da kayan gyaran inji duk suka bi ta. A Fabrairun 2024 mata masu gurasa suka fito titi a Kano saboda tsadar fulawa. A tsakiyar shekarar hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari, buhun shinkafar da ake saya wajen naira dubu 10 a 2015 ya wuce dubu 70. A Yuli gwamnati ta sanar da ɗage harajin shigo da shinkafa da alkama da masara na kwana 150. Daga baya abinci ya sauko, yayata ta ɗan numfasa. Sai dai shanshera ta faɗi alhali taki bai sauko ba, manoma da yawa suka kasa mayar da abin da suka zuba.

Ba na cewa kowace tsada ƙuri'a ce ta haife ta. Tsutsar da ta cinye tumatirinmu a 2016 ba ta san jam'iyya ba, yaƙin Rasha da Yukiren da ya tayar da farashin taki da alkama a 2022 ba mu muka zaɓe shi ba. Amma tarihin nan ya nuna mini abu guda. Tsada da araha duk manomi na iya jure musu. Abin da ke karya shi shi ne a buɗe ƙofa ko a rufe ta dare ɗaya, bayan ya riga ya zuba iri. Wanda ya shuka da farashin Nuwamba, bai kamata a sauya masa doka a Maris ba tare da an ba shi lokacin shiri ba.

Don haka ina kira ga 'yan'uwana na Kura da Bunkure da Garun Malam. Idan masu neman ƙuri'a suka zo, kada taliya da sabulu su rufe mana baki. Mu tambaye su a gaban jama'a: me za ku yi da iyaka, me za ku yi da taki, wa zai yashe kanal, yaya za a yi manomi ya tsira ba tare da maraya ya kwana da yunwa ba? Ƙungiyoyinmu na masu amfani da ruwa su rubuta amsar su ajiye. Ƙofar Tiga ma'aikata ke riƙe da mabuɗinta, ɗayar kuwa mabuɗinta yana kan babban yatsanmu. Allah ya ba mu shugabanni masu tausayi, ya sa albarka a gonakinmu.