Ciwon sanyi: tsohuwar cutar da ke shigowa gida ba sallama

In ka tsaya a Dogarawa da yamma, a bakin titin Kano, ba za ka daɗe ba sai ka ji lasifikar mai maganin gargajiya tana kirari: maganin sanyi, na maza da na mata, sabo da tsoho. Ka ɗan matsa gaba, ga kemis, wani yana raɗa wa mai shago a ba shi kafso ja da yalo na kwana biyu. Kalmar "sanyi" yanzu ta zama buhu, kowa na zuba abin da ya ga dama: ƙaiƙayi, ciwon mara, farin ruwa, har da ciwon baya. Amma asalin ciwon sanyi, wanda likitoci ke kira gonoriya, cuta ce guda mai ƙwayarta, kuma ta hanyar saduwa ake ɗaukar ta. Ba daga masai ba, duk da yadda zancen ya bazu.

Cutar ta daɗe a ƙasar Hausa. Ƙamus ɗin Bargery na 1934 ya riga ya ƙunshi sunanta da na 'yar'uwarta tunjere, ka ga ke nan mutane sun san su tun kafin a rubuta. Abin da ya zo daga baya shi ne sanin mai jawo ta. A 1879 wani likita Bajamushe, Albert Neisser, ya hango ƙwayar a madubin likita. Ta tunjere kuwa sai 1905 aka gano ta, a Jamus ɗin dai.

Zariya ta canza fuska bayan isowar jirgin ƙasa a wajen 1911. Sabon Gari ya cika da ma'aikatan reluwe da 'yan kasuwa da leburori, a 1924 kuma aka buɗe wurin horar da kuratan soja. Maza da yawa, nesa da iyalansu, da albashi a aljihu. Daga barikin soja ne ma muka sami kalmar "bariki" da duk abin da take nufi yau. Turawan mulki sun damu da cutar, amma damuwarsu ta sojansu ce, musamman lokacin Yaƙin Duniya na Biyu da aka kwashi dakaru zuwa Bama. A 1943 suka kafa doka kan cututtukan saduwa, idonsu na kan mata masu zaman kansu. Matar aure da ke cikin gida, wadda mijinta ya dawo mata da tsarabar da ba ta roƙa ba, ba ta cika shiga lissafi ba.

Nan ne nake so ka tsaya, domin nan labarin ya fi ciwo. Namiji in ya kamu, galibi cikin kwana biyu zuwa bakwai zai ga mugunya, ya ji fitsari kamar barkono, dole ya nemi magani. Mace kuwa, kusan rabi ko fiye ba sa jin komai. Ƙwayar sai ta haura a hankali daga bakin mahaifa zuwa bututun da ƙwai ke bi, ta bar tabo, bututun ya toshe. Shekara uku, shekara biyar, ba haihuwa. Ko kuma ciki ya zauna a wajen mahaifa, wanda yana iya kisa. Wa ake tuhuma? Ita. A ce juya ce, a ce iska ce, a ce kishiya ta yi mata asiri, a ƙara aure, ƙwayar ta sami sabon ɗaki. A 1985 aka buga sakamakon wani babban bincike na Hukumar Lafiya ta Duniya kan ma'auratan da suka kasa samun haihuwa a ƙasashe da dama. A cibiyoyin Afirka, mafi yawan matan da aka duba matsalarsu ta samo asali ne daga cutar da ta taɓa kama su ta lalata hanyar ƙwai, abin da ba a gani haka ba a Turai. Kuma ba uwar kaɗai ba. Jariri na iya kwasar ƙwayar a ido wajen haihuwa har ya makance, shi ya sa tun 1881 wani likita a Jamus, Carl Credé, ya fara ɗiga wa jarirai magani a ido da zarar an haife su.

To, magani fa? A ƙarshen shekarun 1930 aka sami ƙwayoyin salfa, irin su M&B, aka yi ta murna. Kafin a gama yaƙin sun fara gazawa. Sai fenisilin ya karɓa a 1943, allura kaɗan an warke, har wasu likitoci suka ɗauka an gama da cutar. Shekara talatin ana ƙara yawan allurar a hankali don ta ci gaba da aiki. A 1976 kuma aka gano irin da ke fitar da wani sinadari mai datse fenisilin gaba ɗaya. Wurare biyu aka bi sawunsa: ɗaya kudu maso gabashin Asiya, ɗayan Afirka ta Yamma, yankinmu. Tetirasaikilin, wato ja da yalo ɗin nan, ya bi sahu. Sifiro ma haka, har Amurka ta daina ba da shi don sanyi a 2007. Yau abin dogaro shi ne allurar seftiriyazon, ita ma a 2018 an sami wani mutum a Ingila da ta kasa warkarwa.

Yadda hakan ke faruwa ba sihiri ba ne. Ka sha rabin magani, ko wanda bai dace ba, raunanan ƙwayoyi su mutu, masu taurin kai su rage su hayayyafa. Mugunya ta tsaya, ka ce ka warke, alhali kana ɗauke da irin da ya fi na da ƙarfi. Ni dai a ganina kafson kwana biyun nan ya fi lasifika ɓarna.

Ƙanjamau, da aka fara bayyana shi a Nijeriya a 1986, ya sa aka koyi zancen gwaji, har Kano ta yi doka a 2024 da ta wajabta gwaji kafin aure. Abu ne mai kyau. Sai dai gwajin jini ne, kuma jini ba ya nuna gonoriya, sai an duba fitsari ko ruwan gaba. Sannan takardar tana faɗin halin da mutum yake ciki ranar da aka ɗibi jinin ne kawai, ita ma ba ta kama cutar da aka ɗauka kwana kaɗan kafin nan. Mai sanyin da ba a yi wa magani ba kuma ya fi saurin ɗaukar ƙanjamau, ya fi saurin bayar da shi.

Saboda haka in an sadu ba kororon roba kuma zuciyarki ba ta kwanta ba, ko kai ne ka san inda ka taka, asibiti za a nufa, ba a jira alama. Akwai maganin kariya daga ƙanjamau da ake sha kwana 28, amma sai an fara shi cikin awa 72. In kuma gwaji ya nuna sanyi, ba mutum ɗaya ake yi wa allura ba. Miji da mata, in gidan mai mata uku ne su huɗun duka, lokaci guda, sannan a ƙaurace wa shimfiɗa kwana bakwai. In aka bar mutum ɗaya don kunyar faɗa masa, kafin wata ya zagayo an koma gidan jiya.