Maikro-RNA: birkin ƙwayoyin gado da alaƙarsa da cutar sikila

Maikro-RNA ɗan guntun sinadari ne mai haruffan gado kusan 22, kuma ba ya ƙera furotin. Aikinsa shi ne ya maƙale wa saƙon da ƙwayar gado ta aika domin a ƙera furotin, ya dakushe shi ko ya sa a lalata shi. Victor Ambros da Gary Ruvkun ne suka gano shi a jikin wata ƙaramar tsutsa a 1993, aka ba su kyautar Nobel a 2024.

A jikin ɗan'adam akwai irinsa fiye da 1,000. Guda ɗaya kan taka wa ɗaruruwan saƙonni birki, saƙo ɗaya kuma kan faɗa hannun maikro-RNA da dama, shi ya sa masana ke kwatanta tsarin da raga.

Wannan raga ta shafi masu sikila da ke zarya zuwa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, a kan titin Zariya tsakanin Gyadi-Gyadi da Unguwa Uku. Himogulobin irin na jarirai yana rage lanƙwashewar ƙwayoyin jini, amma bayan haihuwa furotin MYB da BCL11A sukan rufe shi. Bincike ya nuna miR-15a da miR-16-1 na danne MYB, sai wannan himogulobin ya ƙaru.

Maganin Casgevy, wanda Amurka ta amince da shi a 2023, yana raunana BCL11A ne ta hanyar gyara ƙwayar gado. Farashinsa dala miliyan 2.2 ga mutum guda. A Kano kuwa, abin da hannu ke kaiwa shi ne Hydroxyurea, wanda shi ma ke ƙara himogulobin jarirai, kuma galibi iyaye ne ke biya daga aljihunsu.