Malamin da ya ajiye aiki kafin ya shiga ruwa

Wata rana ina koyar da tarihin daular Rum, sai wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce, "Mushe, wai baftisma ɗin nan ta Kiristoci, alwala ce irin tasu?" Aji ya fashe da dariya, har da yaran Kirista biyu da ke zaune a baya. Na ce mata a'a, ita sau ɗaya ake yin ta a rayuwa, na wuce. Amsar ba ta gamsar da ni ba. Da na koma gida sai na tuna da labarin wani malami ɗan'uwanmu, ɗan Afirka, wanda da shi ya kamata in amsa mata.

Sunansa Agustin. An haife shi a shekara ta 354 a Tagast, garin da yau ake kira Suk Ahras a Aljeriya. Uwarsa Monika Kirista ce mai riƙo, ubansa kuwa bai karɓi baftisma ba sai dab da mutuwarsa. Tun yana jariri aka yi masa alamar gicciye, aka ɗanɗana masa gishiri, wato an sa shi cikin masu jiran baftisma. Yana yaro ciwon ciki ya kama shi har aka fid da rai, ya roƙa a yi masa. Uwar ta fara shiri, sai ya warke, aka ɗage maganar.

Mutanen zamanin sun yi imani baftisma tana wanke duk zunubin da ya gabata, zunubin da aka yi bayanta kuwa ya fi nauyi. Saboda haka iyaye da dama suka ga gara a bar yaro ya gama ƙuruciyarsa tukuna. Sarki Konstantin kansa sai a gadon mutuwa aka yi masa, a 337. Da Agustin ya girma ya rubuta tarihin rayuwarsa, bai ɓoye ɓacin ransa ba: a ganinsa an sakar masa linzami ne da sunan tausayi. Ya yi tambayar da ta tsaya mini a rai, wai wa zai ga mai rauni a jiki ya ce a bar shi ya ƙara jin ciwo tunda ba a kai ga yi masa magani ba? Duk uban da ya taɓa cewa "ƙyale shi, yaro ne, in ya yi aure zai natsu" ya san wannan lissafi. Ni ma na faɗa a gidana.

Agustin ya zama malamin fasahar magana. A Kartaj ɗalibai marasa kunya suka ishe shi, ya koma Roma, can kuma suka riƙa guduwa wurin wani malami idan lokacin biyan kuɗi ya zo (abokan aikina na lakwal masu zaman kansu, kun ji tsohuwar cuta ce). A 384 ya sami babbar kujera a Milan, inda fadar sarki take. An nema masa auren ƴar manya. Don haka aka raba shi da matar da suka zauna tare fiye da shekara goma ba aure, uwar ɗansa, aka mai da ita Afirka, ɗan ya zauna wurinsa. Bai taɓa rubuta sunanta ba. Ban iya karanta wurin nan ba tare da na ji haushinsa da na uwarsa ba.

A 386 ya yanke shawara. Ya jira hutun girbin inabi ya ajiye koyarwa, yana fama da ciwon ƙirji, ya fasa auren, ya tafi ƙauye da uwarsa da ɗansa da abokai. Da azumin kwana 40 na kafin Ista ya matso, ya dawo Milan ya ba da sunansa. Masu shiri suna azumi, ana koya musu ginshiƙan bangaskiya da ka, ba a yarda a rubuta ba.

Daren Ista na 387, cikin watan Afrilu, bishop Ambros ya yi masa baftisma tare da abokinsa Alifiyus da ɗansa Adeyodatus, mai kusan shekara 15. Rubuce-rubucen Ambros sun nuna yadda ake yi a Milan. Mutum zai rabu da Shaiɗan da ayyukansa da bakinsa, ya juya gabas, ya sauka cikin ruwa. A tambaye shi sau uku ko ya ba da gaskiya ga Uba, da Ɗa, da Ruhu Mai Tsarki, kowace amsa a nitsar da shi. Ya fito a shafa masa mai a ka, a wanke masa ƙafa, a sa masa fararen tufafi. Ma'anar, kamar yadda Bulus ya bayyana wa Romawa, binnewa ce: tsohon mutum ya mutu tare da Almasihu, wanda ya fito sabo ne, kuma halinsa ne zai nuna hakan. Shi ya sa ba a maimaita ta. Ragowar ginin, da kwarmin ruwansa mai kusurwa takwas, tana nan ƙarƙashin filin babbar majami'ar Milan.

Abin da ya fi burge ni ya zo bayan shekara goma. Yana bishop a Hippo, Annaba ta yau, ya rubuta a fili cewa har yanzu yana fama da kwaɗayin abinci, da mafarkan sha'awa, da son yabo. Bai ce ruwa ya kashe masa son zuciya ba. Ya ce an yafe masa, sauran kuma jinya ce ta kowace rana. Ya kuwa yi kuskure babba daga baya, da ya goyi bayan a tilasta wa ƴan ɗarikar Donatus da ƙarfin hukuma. Ya zama kuma mai kare yi wa jarirai baftisma ba jinkiri, abin da ikilisiyoyi suka rabu a kai har gobe: Katolika suna yi wa jariri, yawancin ƴan bishara da muke da su a Maraɗi da Galmi suna jira mutum ya furta da bakinsa.

Monika ta rasu a Ostiya a cikin 387 ɗin, suna hanyar komawa gida. Adeyodatus bai daɗe ba shi ma ya bi ta. Ubansa ya rubuta wata hira da suka yi yana ɗan shekara 16, a kan ko mutum na iya koya wa wani wani abu da kalmomi kaɗai. Littafin sunansa "Malami", kuma Agustin ya ce duk tunanin da aka sa a bakin yaron nasa ne.