Gombe Abba: Garin da Sarauta Ta Tashi Ta Bari

Mutumin Gombe na yau in ya ce zai koma gida, birnin da ke da fadar sarki da gidan gwamnati yake nufi. Amma sunan ba a nan aka raɗa shi ba. Asalinsa yana can ƙasar Dukku, a bakin kogin Gongola, inda ake kira Gombe Abba.

Modibbo Buba Yero, almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, yana cikin waɗanda suka karɓi tuta a jihadin da aka fara a 1804. Ya daɗe yana yaƙe-yaƙe a ƙasashen Gongola kafin ya kafa mazauninsa a nan, wajen 1824. Wurin ya dace da Bafulatani mai dukiya da malami mai almajirai: ga ruwa, ga makiyaya, ga fadama. A nan ya rasu a 1841, a nan kuma aka binne shi. Ɗansa Muhammadu Kwairanga ya yi kusan shekara arba'in a kan gadon sarauta, daga 1844 zuwa 1882.

Daga nan al'amura suka soma juyawa. Malam Jibrilla Gaini ya kafa sansaninsa a Burmi, ya hana masarautar sakat, har Sarki Zailani ya rasa ransa a rikicin a 1888. Turawa suka iso a 1902. Su abin da ya dame su shi ne sauƙin mulki, don haka suka kai hedikwata Nafada, sannan a 1919, zamanin Sarki Umaru, aka mayar da ita Doma. Sarki ya tashi da fadawansa da alƙalansa, har da sunan garin. Doma ta zama Gombe, ta samu auduga da layin dogo, ta kuma zama babban birnin jiha a 1996.

Abin da bai tashi ba shi ne hubbaren Buba Yero. Shi ke jan masu ziyara da ɗaliban tarihi zuwa ƙauyen da a da yake aika wa Sakkwato gaisuwa.

A ganina, bai kamata yaro ya gama sakandare a Gombe bai taɓa taka Gombe Abba ba. Malamai da iyaye, ku haɗa kuɗin mota ku kai su.