Bal'amu da Mikaiya: Biyayyar Kwaɗayi da Biyayyar Gaskiya a Tsohon Alkawari

A shekarar 1967 masu haƙar kayan tarihi daga Holan suka tono wani rubutu na tawada a jikin shafen bango a Deir Alla da ke ƙasar Jodan. An ƙiyasta cewa an yi shi wajen shekaru 800 kafin haihuwar Almasihu, kuma a cikinsa akwai sunan Bal'amu ɗan Beyor, mai ganin wahayi. Malaman tafsiri da yawa sun san wannan suna, domin shi suke kawowa a bayanin aya ta 175 da ta 176 na Suratul A'araf. Wannan maƙala ta gwama labarinsa da na Mikaiya ɗan Imla, don gano ma'aunin da Tsohon Alkawari yake auna biyayyar annabi da shi.

Labarin Bal'amu, a Littafin Ƙidaya sura 22 zuwa 24, ya fi wuyar warwarewa, domin a zahiri mutumin bai saɓa ba. Balak, sarkin Mowab, ya aika masa dattawa da kuɗin duba don ya la'anci Isra'ila. Allah ya hana, Bal'amu kuwa ya sallame su. Da aka turo manyan hakimai da alkawarin ɗaukaka, ya ce ko gida cike da azurfa da zinariya ba zai sa ya ƙetare umarni ba. Amma sai ya ce su kwana, ya sake tambaya. A nan gizo ke saƙar. Wanda aka riga aka ba amsa, me yake nema a tambaya ta biyu in ban da ƙofar da zai bi ya kai ga ladan? A hanyarsa ta zuwa wurin Balak, jakarsa ma ta riga shi ganin mala'ika, ya dake ta har sau uku.

A wurare uku aka gina masa bagadai bakwai-bakwai, bakinsa kuwa albarka kaɗai ya furta. Duk da haka sura 31 ta ce da shawararsa aka yaudari Isra'ilawa a Feyor, kuma an kashe shi a yaƙin Madayana. Wasiƙar Bitrus ta biyu da ta Yahuza sun kama shi da laifi ɗaya, wato son abin hannu.

Mikaiya kuwa, a 1 Sarakuna sura 22, shi kaɗai ya tsaya gaban sarki Ahab da sarki Yehoshafat. Annabawan fada wajen 400 sun riga sun yi wa Ahab albishir da nasara a Ramot-gileyad, har ɗayansu, Zadakiya, ya ƙera ƙahonin ƙarfe don ƙara wa maganar armashi. Ɗan aiken da ya je kiran Mikaiya ya ja masa kunne ya bi sahu. Da farko ya maimaita abin da sauran suka faɗa, sai da Ahab ya rantsar da shi, sannan ya bayyana cewa ya ga Isra'ila warwatse a kan duwatsu ba makiyayi.

Abin da wannan nazari ya fahimta shi ne, matanin bai tsaya ga ingancin kalmomi ba, tunda duka biyun gaskiya suka faɗa. Yana bin sawun inda ribar kowannensu take. Haka annabi Elisha ya ƙi kyautar Na'aman, amma Gehazi, baran Elisha, ya bi ta baya ya karɓo talanti biyu na azurfa, kuturta ta kama shi. Haka kuma da Amaziya, firist na Betel, ya ce wa annabi Amos ya koma Yahuza ya nemi abincinsa da annabci, Amos ya amsa cewa shi makiyayi ne mai kula da itatuwan ɓaure.

Shi kuwa Mikaiya, saboda gaskiyar da ya faɗa, ya sha mari daga Zadakiya, aka kai shi kurkuku da ɗan abinci da ɗan ruwa. Ahab ya ɓad da kama ya shiga yaƙi, kibiya ta same shi ta mahaɗin sulkensa, ya mutu a cikin karusarsa da yamma.