Tseren Keke a Hanyar Burji: Asalinsa, Ƙa'idojinsa da Damar da Maiduguri Ke da Ita

Tseren keke a hanyar burji wasa ne da ake fafatawa a kan ƙasar da ba a shimfiɗa mata kwalta ba: turbar daji, rairayi, tsakuwa, laka, hawa da gangara. Mafi yawan masu yinsa a duniya ba da shi suke ci ba. Ma'aikata ne da ɗalibai da 'yan kasuwa, waɗanda ke sayen kekensu da kuɗinsu, su yi atisaye kafin fita aiki, su shiga gasa a ƙarshen mako don sha'awa. A Najeriya wasan bai yi suna ba tukuna, amma da wuya a sami birnin da rayuwarsa ta yau da kullum ta kusanci wannan wasa kamar Maiduguri.

Yadda keke ya mamaye Maiduguri

A watan Yulin 2011 gwamnatin Jihar Borno ta haramta hawa babur a Maiduguri da Jere, saboda yadda 'yan Boko Haram ke amfani da shi wajen kai hari. Dare ɗaya dubban mutane suka rasa abin hawa. Wasu suka koma keke-napep, wasu kuwa suka kakkaɓe tsofaffin kekunan da aka jingine a zaure. Daga nan keke ya zama abin hawan ɗalibi da malami, da mai gadi, da mai tallar kayan miya, da ma'aikacin da albashinsa bai kai na mota ba. Kasuwar kekuna ta buɗe, masu faci da masu gyara suka yawaita a bakin tituna.

Wannan ya haifar da abin da ƙasashe da dama ke kashe kuɗi don samu: matasa masu yawa waɗanda ƙafarsu ta saba da feda tun suna yara. Yaron da ke zuwa makaranta daga unguwar da kwalta ba ta kai ba yana ratsa rairayi safe da yamma, wani lokaci da ƙaninsa a kariya ko jarkar ruwa. Abin da bai samu ba shi ne mai auna masa lokaci, da wanda zai gaya masa cewa abin da yake yi don tilas wasa ne da ake ba da lambar zinare a kansa.

Asalin wasan

Tun farkon ƙarni na 20 masu tseren keke a Faransa suke barin titi a lokacin sanyi su shiga gonaki da dazuka, su saɓa keke a kafaɗa idan hanya ta ƙi biyuwa. Wannan nau'i ya samu gasar duniya ta farko a birnin Paris a 1950.

Keken dutse kamar yadda aka san shi yau kuwa a Amurka aka haife shi, a yankin Marin na Jihar Kalifoniya. A shekarun 1970 wasu matasa, cikinsu har da Joe Breeze da Gary Fisher da Charlie Kelly, suka riƙa gyara tsofaffin kekuna masu faɗin taya suna gangarowa da su daga kan tsaunuka. A watan Oktoban 1976 suka fara wata gasa a gangaren da tsawonsa bai wuce kilomita uku da 'yan kai ba. Suka sa mata suna Repack, domin birkin tsofaffin kekunan kan yi zafi har giris ɗin cikinsa ya ƙone, sai an sake cusa wani bayan kowace gangara. A 1981 kamfanin Specialized ya fitar da Stumpjumper, ɗaya daga cikin kekunan dutse na farko da aka ƙera da yawa don kasuwa.

Hukumar tseren keke ta duniya, UCI, wadda aka kafa a 1900, ta shirya gasar duniya ta farko ta keken dutse a garin Durango na Jihar Kolorado a 1990. Wasan ya shiga gasar Olamfik a Atlanta a 1996, inda Bart Brentjens na Holan ya yi nasara a ɓangaren maza, Paola Pezzo ta Italiya a na mata. Abin lura a wannan tarihi shi ne, da tsofaffin kekuna aka fara, masu sha'awa ne kuma suka fara, hukuma daga baya ta biyo.

Nau'o'in gasar

Nau'in da ake yi a Olamfik shi ne na zagaye: a shata hanya ta 'yan kilomitoci mai hawa da gangara da duwatsu, a tashi gaba ɗaya, a yi ta kewaya ta har kusan awa ɗaya da rabi. Akwai gajeren zagaye na kusan minti 20, mai sauƙin shiryawa da daɗin kallo. Akwai dogon zango, daga kilomita 60 zuwa sama. Akwai na gangara zalla, inda ake sakin 'yan wasa ɗaya bayan ɗaya, agogo ya raba gardama. Sai kuma tseren hanyar tsakuwa, wanda ya bunƙasa a 'yan shekarun nan har UCI ta yi masa gasar duniya ta farko a Italiya a 2022.

Ana raba 'yan wasa bisa jinsi da shekaru: matasa 'yan 17 da 18, sai 'yan ƙasa da 23, sai manya, sai rukunin dattawa. Hular kwano wajibi ce. Ana kafa alamun kibiya a hanya. Kibiya ɗaya mai kallon ƙasa gargaɗi ce, biyu haɗari, uku haɗari mai tsanani. Ɗan wasan da ya yanke hanya an kore shi.

Abin da ɗan tsere ke fuskanta

A kan kwalta, wanda ya laɓe a bayan abokin tserensa yana rage kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin da zai kashe wajen keta iska, shi ya sa ake tafiya a dunƙule. A burji wannan dabara ba ta da tasiri sosai, saboda gudun bai kai haka ba, hanyar kuma sau da yawa ba ta ɗaukar mutum biyu a jere. Don haka mintunan farko su ne mafi zafi: kowa na neman shiga ƙunƙuntar turba kafin ɗan'uwansa, ƙura ta turnuƙe, numfashi ya yi sama tun ba a je ko'ina ba. Wanda ya ƙone ƙarfinsa a nan, zagaye na uku zai gane kurensa.

Bayan nan fafatawar da ƙasa ake yinta. Hannu da kafaɗa da baya suna aiki kamar yadda cinya ke yi, domin kowane rami ta jikin mutum yake bi. Ido ba ya tsayawa a kan tayar gaba. Nesa yake kallo, yana zaɓen inda za a bi. Ƙwararru kan ce keke yana zuwa inda ido ya kalla, wanda ya zuba wa dutse ido kuwa dutsen zai daka. Faɗuwa ba abin kunya ba ce a wannan wasa, haka nan sauka a tura. Taya na iya yin faci, sarƙa na iya tsinkewa, kuma a al'adar wasan ɗan tsere shi ne makanikin kansa har ya kai wurin da aka keɓe don gyara. Shi ya sa yake ɗauke da tif na sauyi da ƙaramin famfo.

Ƙasar Borno da abin da take buƙata

Maiduguri ba ta da tsaunuka irin na Jos ko Mambila. Tana zaune ne a kan wani dogon tudun yashi da masana ke kira Tudun Bama, wanda shi ne tsohuwar gaɓar Tafkin Chadi a lokacin da tafkin ya ninka girmansa na yau sau da yawa, shekaru dubbai da suka wuce. Kogin Ngadda ya ratsa birnin, da rani kuma gaɓarsa da busassun wurarensa kan bar rairayi da ƙananan hawa. Can gabas akwai baƙar laka da ake kira firgi, wadda ke darewa ta taurare da rani, ta zama taɓo mai kama taya da damina.

Rairayi shi ne dutsen Maiduguri. Mai son ratsa shi yakan rage iskar taya don ta baje a kan yashi maimakon ta nutse. Yakan ja jikinsa baya kan sirdi don tayar gaba ta yi sauƙi, ya sassauta riƙo ya bar keken ya ɗan yi lilo, ya ci gaba da murza feda ba tsayawa. Wanda ya taka birkin gaba da ƙarfi ko ya karya kwana a tsakiyar yashi, ƙasa zai sha. Faɗin taya ya fi yawan giya amfani a nan.

Abokin gaba na biyu ƙaya ce: tsidau da ke kwance a ƙasa, da ƙayar aduwa da ta bagaruwa. A ƙasashen da wasan ya kafu ana amfani da taya marar tif wadda ake zuba wa wani ruwa mai toshe huda da kansa. Wanda bai da halin wannan yana iya shimfiɗa tsohuwar taya ko tsohon tif a cikin sabuwa, dabarar da masu faci suka daɗe da sani.

Na uku shi ne zafi, kuma shi ne mai kisa. A watannin Afrilu da Mayu zafin Maiduguri kan haura digiri 40. Gasa a irin wannan lokaci ganganci ce. Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga kaka zuwa hunturu, da sassafe, kodayake ƙurar hunturu na wahalar da masu asma. Ɗan tsere na buƙatar kusan rabin lita zuwa lita ɗaya ta ruwa a kowace awa, tare da gishiri da sukari don maye abin da gumi ya fitar. Wanda ya fara jiri, ko magana ta rikice masa, ko ya kasa tafiya miƙe, a tsayar da shi nan take, a kai shi inuwa, a jiƙa shi da ruwa, a nemi ma'aikacin lafiya.

Batun tsaro

A Borno ba a shata hanyar tsere kamar yadda ake yi a wasu wurare. Shekarun rikici sun bar abubuwan fashewa a binne a wasu hanyoyin daji da gonaki, kuma har yanzu suna hallaka manoma da masu neman itace. Turbar da ba a sani ba ba wurin atisaye ba ce, komai kyanta. Gasar dogon zango da ke fita bayan gari ba ta yiwuwa sai da izini da rakiyar jami'an tsaro.

Nan ne gasar zagaye ta fi dacewa da birnin. Ba ta buƙatar daji. Fili mai shinge a cikin gari, kamar harabar babbar makaranta ko kewayen filin wasa, ya isa a fitar da zagaye na kilomita biyu ko uku da igiya da turaku, a haɗa da rairayi da kwana da tudun ƙasa. 'Yan kallo na ganin komai, motar asibiti tana kusa, alƙalai ba sa rasa inda ɗan wasa yake.

Afirka da Najeriya a fagen

Nahiyar Afirka ba baƙuwa ba ce a wannan wasa. Tun 2004 ake gasar Cape Epic a Afirka ta Kudu, ta kwana takwas, 'yan wasa bibbiyu, inda masu sha'awa ke bin hanya ɗaya da zakarun duniya. A Maroko ana gasar Titan Desert cikin hamada tun 2006, a ƙasa mai kama da ta arewacin Borno. Adrien Niyonshuti na Ruwanda, wanda ya rasa 'yan'uwa da dama a kisan kiyashin 1994, ya wakilci ƙasarsa a tseren keken dutse a Olamfik ta Landan a 2012. Alan Hatherly na Afirka ta Kudu ya ci lambar tagulla a Paris a 2024, ya kuma zama zakaran duniya a shekarar. A kan kwalta, Burkina Faso na shirya Tour du Faso tun 1987, Kigali kuma ta karɓi gasar duniya a watan Satumban 2025, karo na farko a Afirka.

A Najeriya, Hukumar Tseren Keke ta Ƙasa ce ke kula da wasan, tare da ƙungiyoyin jihohi. Akwai filin tseren keke a Filin Wasa na Moshood Abiola da ke Abuja, wanda aka gina don wasannin Afirka na 2003. A 2024 Ese Ukpeseraye ta zama ta farko da ta wakilci Najeriya a tseren keke a Olamfik, kuma a wasu gasannin sai da tawagar Jamus ta ara mata keke. Wannan ya nuna inda gizo ke saƙa: ba 'yan wasa aka rasa ba, kayan aiki da tsari ne.

Daga sufuri zuwa wasa

Keken gasa na zamani ya fi ƙarfin aljihun talaka, amma gasar masu sha'awa ba ta dogara da shi ba. Ana iya ware rukuni na kekunan gida marasa giya, irin su Phoenix da Hero, da wani na kekunan gwanjo masu giya, yadda mai kuɗi ba zai sayi nasara ba. Kafin tashi a duba birki da taya na kowane keke. A tanadi hular kwano ta aro, da ruwa, da ma'aikacin lafiya, da mai riƙe agogo, da littafin rubuta sakamako. A buɗe rukunin 'yan mata, da lokaci da sutura da iyaye za su aminta da su. A kauce wa watan azumi da lokutan salla.

Rubuta sakamako shi ne ginshiƙi. Da shi ƙungiyar jiha ke gane wanda za ta tura Bikin Wasanni na Ƙasa, wanda ake yi tun 1973, daga can kuma hanya ta buɗe zuwa tawagar ƙasa. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar 3 ga Yuni ta kowace shekara a matsayin Ranar Keke ta Duniya tun 2018. Birnin da tilas ta mayar da shi kan keke yana da ƙafafun, yana da masu gyaran, yana da rairayin. Abin da ya rage igiya ce, da agogo, da wanda zai busa usur.